Fina-finan da Aka Narkar

Shekara goma sha huɗu Lemuel Prichard ya yi yana faɗowa daga kan tsani a fina-finan da ba su da magana don mutane su yi dariya. Shi ke tsara wasan, shi ke ba da umarni, shi ke shan faɗuwar. Sau biyu yana karya ƙafa. Da fim mai magana ya shigo, kamfanin Palmera ya sallame shi ba ko na gode, ya koma sayar da lemo a bakin titin Los Angeles.

A shekarar 1932 'yarsa Odessa ta ce tana so mijinta ya ga wasan ubanta, don mijin gani yake duk cika baki ne. Lemuel ya goge takalmi ya nufi kamfanin neman aron fim ɗaya.

Sai da aka shanya shi awa biyu kan benci kafin a kai shi gaban Mista Kemp, sabon manaja. Kemp ya ce sito ya cika, an kwashe tsofaffin fina-finan an kai inda ake narkar da su a cire azurfar jikinsu.

"Har da nawa?" in ji Lemuel.

"Tsoho, wa zai sake kallon bebaye suna jifan juna da kek?"

"Yaro, da ƙasusuwana aka gina ofishin nan da kake miƙe ƙafa a ciki."

Kemp ya yi murmushi, ya miƙa masa tikitin sabon fim kyauta. Lemuel ya bar masa abinsa kan tebur, ya fita.

A wurin narkarwar ya tarar da ƙarti suna saran faya-fayan fim da gatari kamar itacen girki. Ɗayansu ya tausaya masa, ya bar shi ya tona tsibin. Cikin fina-finansa sittin da uku, guntu ɗaya ya tsira da shi, bai kai kamu biyu ba.

A gida surukin ya ɗaga guntun a hasken taga, ya tambayi wanne ne Lemuel a ciki. Odessa ta fizge ta adana.

Lemuel ya rubuta wa jaridu uku wasiƙa mai zafi. Guda ce ta buga, can ƙasan tallar sabulu, ta yanke rabin maganar, sunansa ma ba ta rubuta daidai ba.