Tukunyar da Monica Ta Gina

Saje Ezekiel bai taɓa gane irin karatun da 'yar ƙanensa Dinah take yi ba, kuma bai ɓoye mata ba. Ta gama digiri, ta yi bautar ƙasa, maimakon ta nemi aiki sai ta koma jami'a wai digiri na biyu. Da ta dawo Zuru cikin bazara ya tambaye ta me ake koya musu. Ta ce yadda za a yi amfani da waƙa da wasa da sana'ar hannu a wayar da kan jama'a, su iya faɗin abin da ke cin su.

"Wannan ai kakarki ta iya, kuma ko aji ɗaya ba ta shiga ba."

"Shi ya sa na dawo gida, Baba."

Abin da ta zo yi shi ne ta tara matan unguwa waɗanda 'ya'yansu ko mazansu suka tafi soja. A nan kuwa da wuya ka wuce gida uku ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Ta samo Kaka Leah, tsohuwar maginiyar tukwane, ta sa aka ɗebo yumɓu daga bakin rafi, aka zube a gindin mangwaron makarantar firamare. Ta ce kowace mace ta gina abin da bakinta ya kasa faɗa. Ranar Asabar za a gasa, a jera, a kira maza su zo su gani, ita kuma ta rubuta ta kai wa malamanta.

Ezekiel ya bar matarsa Monica tana zuwa don ya ɗauka tukwanen fure ne.

Ɗansu ɗaya ne, Japhet. Shekara shida ke nan da takarda ta zo cewa an yi artabu can gabas, an neme shi ba a gan shi ba. Ba gawa, ba ko takalmi. Tun ran nan Ezekiel ya kafa doka a gidansa: ba zaman makoki, ba kuka, kuma duk wanda ya ce marigayi ya fita. Shi ya yi soja shekara ashirin da biyu, ya ga wanda aka yi wa addu'a ya dawo da ƙafarsa. Ana share ɗakin Japhet kullum. Kekensa na rataye, Ezekiel na ɗiga wa sarƙar mai duk Lahadi bayan an taso coci.

Ranar Alhamis da azahar ya haɗu da Mika, wanda suka yi bariki tare. Mika ya cire hula.

"Saje, na ga tukunyar uwargida. Ashe kun yanke shawara. Allah ya ba da haƙuri."

Ezekiel ya ɗauki sandarsa ya nufi makarantar.

Rana ta kwanta a kan garin kamar an kifa masa kwano. Duwatsu sun yi fari-fari, suna rawa a cikin zafi, har sai ya ga kamar sun tashi daga ƙasa suna shawagi. Can gaba a kan kwalta ruwan ƙarya na sheƙi, wani dogon mutum na tafe a cikinsa da jaka a kafaɗa. Ezekiel ya rage sauri. Kullum haka yake yi in ya hango dogo da jaka. Mutumin ya matso, ya zama mai tallan magani, ya gaishe shi ya wuce.

A gindin mangwaro mata kusan ashirin ne zaune, ba mai magana, sai ƙarar tafin hannu a kan jiƙaƙƙen yumɓu. Wata ta gina takalmi ƙafa ɗaya. Wata ta gina wayar hannu ƙatuwa kamar bulo. Wata kwanon tuwo da murfi. A tsakiya ga ta Monica: tukunya mai kumburin ciki, bakinta a toshe, an ɗora mata kan mutum a sama. Ezekiel ya san ta. Irinta kakanninsu ke ɗorawa a kan kabari can bisa dutse, tun kafin coci ta zo.

Dinah ta taso da waya a hannu. "Baba, ka ga aikin Mama? Na tura wa malamina hoton, ya ce ita ce..."

"Malama mai digiri biyu, kin san ko mece ce wannan?"

Dinah ta duba fuskokin matan, ta ga kowa ya sunkuya. A birni ta girma. Ta ga irin tukunyar a littafi, ba ta taɓa ganin inda ake ajiye ta ba.

Ya juya wajen tsohuwar. "Kaka, ke kika koya mata?"

"Ni? Rabona da gina irin wannan tun kana yawo ba wando," in ji Leah, ba ta ko ɗago ba. "Hannunta ne ya tuna. Ka tambayi hannun."

Monica na zaune da ƙafa a miƙe, yumɓu har gwiwar hannu. Shekara shida ba ta musa masa ba.

"Maman Japhet, wa ya ce miki ya mutu?"

"Ba wanda ya ce."

"To?"

"Ba wanda ya ce yana raye kuma. Kai kana da keke. Ni ba ni da inda zan zauna in yi kukana."

Ya ɗaga sanda. Matan da ke kusa suka janye ƙafafunsu.

"Fasa," ta ce a hankali. "Ɗanya ce, ko ƙara ba za ta yi ba. Gobe in sake wata."

Ya tsaya da sanda a sama, yana neman inda zai sauke ta. A nan ne ya dubi kan da kyau. Ba hular soja ta yi wa Japhet ba. Gashin nan ne mai tsini a gaba, da goshi mai faɗi irin na gidansu, da leɓen ƙasa da ke ɗan zubowa in yana jin barci. Inuwar ganyen mangwaro na yawo a kan fuskar, sai ka rantse numfashi take. Ƙarar tafin matan ta yi nisa. Ezekiel ya ji ganga, ya ji ƙurar filin kokawa a hancinsa, shekarar da Japhet ya kayar da mutum uku a bikin Uhola, na huɗun ya tsage masa kunne, ya taho gida yana dariya jini na bin wuyansa.

Ya sake duba kunnen. Ya yamutsa fuska.

"Wannan ba daidai ba ne."

Monica ta ɗago.

"Tsagar. Kin sa ta a dama. A hagu take."

"A dama take."

"Ni na riƙe kansa aka ɗinke. Ke kina bayan ɗaki kin toshe ido. Hagu."

"Hagunka ko hagunsa?"

"Mace, soja nake, na san hagu."

Wata daga baya ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Ezekiel ya jingine sandar a jikin bishiya, ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara. Ya tsoma babban yatsa a ƙwaryar ruwa ya shafe tsagar dama a hankali har ta ɓace. Yumɓun na da sanyi, da laushi kamar fatar wanda ya fito wanka. Ya sa farce a kunnen hagu ya ja, bai yi ba, ya liƙe ya sake. Leah ta miƙo masa tsinken kara.

Dinah ta ɗaga waya. Ta san duk rubutun da za ta kai jami'a babu abin da zai kai wannan hoton. Ta dubi ƙeyar tsohon, sai ta kashe wayar ta jefa a jaka, ta zauna a ƙasa cikin matan.

Ya daɗe a kan kunnen nan. Da ya gama bai janye hannunsa ba, ya bar tafinsa a kan kuncin.

"Yaushe za a gasa?"

"Asabar," in ji Leah.

"Akwai karan dawa a bayan rumbuna, a zo a kwashe duka. A sa ta a tsakiya. In tana gefe wuta ba za ta ratsa ta ba, ta zo ta tsage."

Monica ta fara kuka, ƙasa-ƙasa, kamar mai gwada murya bayan doguwar jinya. Ezekiel bai hana ta ba. Ya gyara zama a kan ƙasa, ya matsa kaɗan don ta sami wuri kusa da tukunyar.