Jama'a Ba Su Shirya Ba

Ofishin jam'iyyar yana saman shagon tayoyi, saboda haka duk wata muhimmiyar shawara cikin warin roba ake yanke ta. A nan aka kira Likita ana gobe zaɓen fid da gwani na kujerar majalisa, don a roƙe ta ta janye.

Shugaban jam'iyyar kawunta ne, wan mahaifiyarta. A gefensa lauyan jam'iyya yake zaune, wanda aikinsa shi ne faɗin abin da Kawu yake jin nauyin faɗa.

"Zauna, ɗiyata," in ji Kawu. "Kin san ni ba na bambanta mace da namiji."

"Na sani, Kawu. Shi ya sa ni kaɗai ka kira."

Abokin takararta ɗan kwangila ne, shi ya yi wa ofishin rufin da ake tara masa bokiti in hadari ya taso. Ba wanda ya ga dalilin damun sa.

Lauya ya gyara murya. "Ba batun mace ba ne kawai, Likita. Akwai maganar mahaifinki, Allah ya ji ƙansa. Mutumin kirki ne, amma ba ɗan nan ba ne. Ko a fatarki ana gani."

"Kawu ne ya ba shi auren ƙanwarsa. A lokacin ba a gani ba?"

Kawu ya ɗaga kai yana nazarin fanka.

"Mun ware miki muƙamin shugabar mata," in ji Lauya. "Har da kujera a sahun gaba ranar taro."

"Shi kuma ɗan kwangila shugaban maza za a ba shi?"

Ba a yi dariya ba. Kawu ya sauko da idonsa, ya yi magana da muryar da yake zuwa ta'aziyya da ita.

"Ni na yarda da ke. Lauya ma ya yarda da ke. Jama'a ne ba su shirya ba."

"Yaushe za su shirya?"

"Nan gaba."

Likita ta rataya jakarta. "Kawu, a gidanka na koyi yadda ake yi da wanda bai shirya ba. In za mu unguwa, sai ka tada mota ka danna hon, ka ce wanda bai shirya ba ya taho a ƙafa. Ban taɓa ganin an bar kowa ba. Wani da takalmi a hannu yake fitowa, matarka a mota take saka ɗan kunne. Gobe zan tada mota."



Ta kai bakin matakala Kawu ya kira ta, wannan karon ba da ɗiyata ba.

"Ke. In kika sauka daga benen nan ba ki janye ba, kada ki sa ran ƙuri'ata."

Ta juyo, ta ɗan rusuna kamar yadda ya koya mata tun tana ƙarama.

"Ɗaya ce, Kawu. Kamar tawa."