Muryar Samira

"Ba za ta zo waya ba," in ji mutumin. "Lokacin tsinkar auduga ne. Ba a ɗaga kowa daga gona."

Yahuza ya fita baranda da wayar, ya ja ƙofa don kada mara lafiyar ya ji. Ya tattaro duk Larabcin da ya koya tun daga Islamiyya.

"Ranka ya daɗe, mahaifinta ne a bakin mutuwa. Ban ce ku sake ta ba. Muryarta kawai yake so ya ji."

"Kowa a sansanin nan yana da uba. Nata uban kuwa gudu ya yi daga aikin ƙasa."

Ƙit, aka kashe.

Yahuza ya naushi ƙarfen barandar har yatsunsa suka yi tsami. Matarsa Kamila ta leƙo daga ɗakinsu da kwanon kunu a hannu.

"Abban Zahra, yi a hankali mana. Zai ji ka."

"To ya ji! Wane irin mutane ne waɗannan? Auduga fa, Kamila. Auduga!"

Baba Nurhusen ne maƙwabcinsu tun da Yahuza ya zo unguwar Setapak, a ƙasar Malayawa, karatun digiri na uku. Mutumin wata ƙasa ne a bakin Bahar Maliya, inda gona da masana'anta da mahaƙar dutse duk na hukuma ne, kuma duk wanda ya gama sakandare sai an ɗebe shi ya yi musu aiki. Aka ce masa shekara ɗaya da rabi zai yi. Sai da furfura ta fito masa yana fasa dutse. A ɗan hutun da aka ba shi ya yi aure, aka haifi Samira. Bayan matar ta rasu ya tsallake iyaka da ƙafa, da niyyar ya aiko a ɗauko yarinyar. Kafin ya samu hali, ita ma layi ya zo kanta.

Da ya iso garin nan, a unguwar Chow Kit ya samu aikin gasa gurasa a wurin wani Bayamane, har tari ya zaunar da shi. Likita ya ce ƙurar dutse ta gama da huhun, a kai shi gida kawai.

Wata rana suna shan shayi Yahuza ya taɓa ba shi labarin tasa bautar ƙasar a Ekiti, da farar riga da koyar da 'yan aji biyu.

"Da shekarar ta cika fa?" in ji tsohon.

"Sai na koma Kano."

"Haka kawai? Ba wanda ya biyo ka?"

Ya daɗe yana kallon Yahuza, sannan ya yi dariya har tarin ya turnuƙe shi.

Yanzu ga shi a kan katifa, robar iskar numfashi a hanci, fanka tana kaɗa labule. Yahuza ya shiga ya durƙusa kusa da shi.

"Me suka ce?"

Ƙarya ta zo wa Yahuza har bakinsa, ya haɗiye ta.

"Sun ce tana gonar auduga, Baba. Sun hana."

Tsohon bai yi mamaki ba. Wannan ne ya fi ƙona wa Yahuza rai.

"Auduga tana tsaga yatsu," ya ce da ƙyar. "In ka same ta, ka ce ta riƙa shafa mai kafin ta kwanta."

Bai sha kunun ba. Ana kiran la'asar a masallacin da ke ƙasan benen, ruwa yana dukan taga, Yahuza yana maimaita masa kalmar shahada, tsohon ya cika.

Ɗaliban Nijeriya ne suka yi masa wanka. Limamin masallacin, wani dattijo Bamalaye, ya ce "boleh, boleh", wato ba matsala, ya nemo motar gawa. Sahun sallar bai cika biyu ba. A maƙabarta Yahuza ya zuba ƙasa haƙoransa a cije.

Bayan an gama tsinkar audugar, wata safiya yana ɗaure takalmi zai tafi makaranta, waya ta yi ƙara.

"Ni ce Samira," in ji wata siririyar murya. Da sauri take magana, kamar mai karanta hadda, ana jin tarin wani namiji kusa da ita. "Ka gaya wa Baba ina lafiya. Ana ba mu abinci. Ɓangarenmu ne ya fi kowa tara auduga bana."

"Samira, Baba ya rasu."

Yahuza yana jin numfashinta.

"Ya sha wuya?"

"Da shahada ya cika. Ya bar miki saƙo. Ya ce ki riƙa shafa mai a yatsunki kafin ki kwanta."

Wani sauti ya fito mata daga maƙogwaro, ta danne shi. Can nesa aka busa usur.

"An kira layi," ta ce. "Zan tafi."

Yahuza ya tsaya a baranda da takalmi ɗaya a ƙafa. Ƙofar Baba Nurhusen a buɗe take. Mai gidan ya turo mai fenti, yana ta shafa fari a bangon da katifar ta bar wa tabo.