Kuskuren Ɗinki a Littafin Auta

Takardar da aka aiko daga makaranta gajeriya ce: idan Auta ta sake faɗuwa jarrabawar karatu ranar Litinin, za a mayar da ita aji ɗaya baya. Mahaifinta ya ce taurin kai ne, domin a gida takan buɗe littafi ta karanto shi tiryan-tiryan ba gargada. Ya kuma yi mata alkawarin bulala.

Kakanta mai gyaran littattafai ne. Shi ya fi kowa alfahari da ita, kullum yana gode wa Allah da Ya ba ta kaifin ƙwaƙwalwa. Da ya ga littafin nata ya kwance, sai ya tafi da shi shago, ya ɗinke da zare, ya shafa gam, ya danne da katako. Amma ido ya tsufa. Ya sa shafi na tara a gurbin na bakwai bai lura ba.

Bayan la'asar Auta ta leƙo shagon.

"Tsoho, ka gama ɓata mini littafin?"

"Na gama, uwar ɗakina. Zauna ki karanta in ga ko zaren ya riƙe."

Ta fara, yana bin layin da ido. Da ta juya shafi, sai ta ci gaba da labarin kyanwar da ta faɗa rijiya, alhali rubutun da ke gabanta zancen ruwan sama ne. Yatsanta na tafiya, bakinta bai yi tuntuɓe ba. Tsohon ya gyara tabarau, mamaki ya kama shi. Ya ɗora yatsa kan kalma guda.

"Wannan fa?"

Fuskarsa ta kalla, ba shafin ba.

"Wa yake fara karanta miki?"

"Yaya. Sau ɗaya ya ishe ni."

"In kin dubi rubutun, me kike gani?"

Ta sunkuyar da kai. "Cunkushewa yake yi. Kafin in haɗa harafi da harafi, malama ta wuce."

Sai ya tuna yadda ciwon kai ke kama ta duk ranar sabon darasi. Ya yi istigfari a zuci. Shekara biyu suna sauraron hadda suna kiranta karatu.

Ya aika aka kira ɗansa, mahaifin Auta, ya nuna masa shafin, ya faɗa masa abin da ya ji.

"Ba ƙi ta yi ba. Kasawa ta yi, ta rufe da baiwar da Allah Ya yi mata."

Mahaifin ya daɗe yana kallon shafin. "Baba, to me ke damunta?"

"Allah ne Masani. Mu tambayi waɗanda Ya sanar."

Da safe suka kai wa malama littafin. Ta saurara, ta ce akwai yara masu basira da haɗa haruffa ke yi wa wuya haka, kuma akwai mai gwada su. Ta ɗage jarrabawar Auta har sai an gwada ta, ta rubuta musu inda za su je.