Man Kif a Gwiwar Rahimu

Matata Rahimu ta tsufa ne a gonar kif, wato wiwin dutsenmu. Ta cire masa ciyawa, ta yanke shi, ta shanya shi bisa rufin ɗaki, amma ko sau ɗaya bai shiga bakinta ba. Haka matanmu suke, su yi masa wahala, su bar wa maza hayaƙin da abin kunyar.

Bara gwiwarta ta kumbura, ga bikin jikarmu Zuhur ya matso. A danginsu Rahimu, kaka ce ke shiga gaban alfadarin amarya da ƙafa har ƙofar ango, kuma gidan angon yana can bayan kwari. Ta ce in ba za ta iya takawa ba, gara ta kulle kanta a ɗaki.

Ranar kasuwar Bab Barrad na biya wurin ƙungiyar manoma masu lasisi, inda Lalla Mufaddala ke kula da tatsar mai daga irin da ba ya bugarwa. Ta ce mini a ganyen nan akwai abubuwa biyu kamar wa da ƙane. Wan shi ke hawa kai ya juya mutum. Ƙanen, wanda suke kira kanabidiyol, ba ya sa maye. Wai jikin ɗan Adam ma yana haɗa wani abu mai kama da su, don rage zafi da kawo barci, ƙanen kuwa taya shi yake yi. Ta miƙo mini 'yar kwalbar man, ta ce:

"Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi, Si Ayyashi. In tana shan wani magani, ku fara tambayar likita."

Duk hanyar gida ina taɓa haƙarƙarina. Ashe da 'yar gonata nake yawo a ciki, ban sani ba!

Rahimu ta dubi kwalbar kamar na kawo mata kunama.

"Da furfurata za ka sa a ce Rahimu ta fara kif?"

"Ba ya bugarwa, uwar gida. Tsaya ki gani."

Na ɗiga a harshena, na zauna gabanta don ta shaida. Muna shan shayi sai na tambaye ta ko ta taɓa ganin furen ɓaure, da kuma inda tantabaru ke zuwa su mutu.

"Ka gani ko! Ya kama ka."

"Ai jiya ma na yi miki wannan tambayar."

"Shi ne matsalar, tsohon nan. Kai ba a gwaji da kai. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan a buge kake, ba tare da ka sha komai ba."

Ta miƙo mini kofi, sai idona ya faɗa kan tafin hannunta. Na riƙe shi.

"Rahimu, in kaka ta yi, wane launi hannun nan ke komawa?"

"Baƙi mana, saboda danƙon ganye. Sai da man zaitun yake fita."

"To wa ya taɓa cewa kin sha kif? Shafawa kawai za ki yi. Fatarki ta san shi kafin ta san ni."

Ta daɗe tana juya hannun. Can ta miƙe ƙafa, ta ja zanenta mai ratsin ja zuwa gwiwa.

"Ja ƙofar tukuna. Kuma in ka faɗa wa abokanka na shagon gahawa, sai na fasa maka kwalbar a ka."

Safe da yamma nake shafa mata, tana mita wai hannuna kamar ɓawon itace.

Ranar biki ta ɗaura malafarta mai tuntaye, ta karɓe sandata, ta shiga gaban alfadari. Tana ɗingishi, masu algaita suna rage tafiya dominta, a bakin rafi ma sai da ta zauna ta huta. Amma da ƙafarta ta kai Zuhur ƙofa.

Ko man ne, ko taurin kanta, ban sani ba. Da na tambaye ta a hanyar dawowa, tana bisa alfadarin ina jan linzami, sai ta ce in duba gabana kada in jefa ta a kwari.