Jan Layi a Gefen Kati

Kwana uku ke nan mai gyara yana kwance ƙarƙashin na'urar karanta kati. Ya fito da kayan cikinta ya jera a kan tsohuwar jarida, yana neman ciwon da babu shi. Mai huda kati kuwa tana teburinta tana kallon tafin takalminsa, kunya kamar ta nutse.

Aikinta huda ƙananan kwalaye, kowane kati umarni guda. Ita kuwa na'ura ba ta da wayon komai, katin da ta fara tararwa shi take fara bi. Ranar Litinin akwatin kati ɗari huɗu ya suɓuce mata a matakala. Ta tattara a gurguje, ta jera yadda hannu ya kai, ta miƙa ba ta gaya wa kowa ba. Na'ura ta haɗiye, ta amayo sakamakon jarrabawa a birkice, har wani ɗalibi ya ci ɗari da arba'in cikin ɗari.

Shugaban sashe, wanda bai iya fushi a hankali ba, ya zo ya tsaya kan mai gyara.

"Malam, in ba ta tashi gobe ba, ka tattara kayanka."

"To, ranka ya daɗe," in ji dattijon.

Shekara ashirin yana wannan aiki, ga shi za a kore shi kan laifinta. Aka fita cin abincin rana. Ta dawo ta durƙusa kusa da shi.

"Baba, na'urarka lafiyarta lau. Ni na zubar da katin."

Ya fito, ya goge hannu, ya jawo akwatin. A saman katunan akwai jan layi da ake ja a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa, don a gane jerinsu. Layin ya kakkarye kamar haƙoran tsoho.

"Tun Litinin na gani, 'yata."

"To me ya sa ka kwance ta?"

"Lokaci nake ba ki. Amma fa kin kusa makara, saura noti biyu ban kwance ba."

Da ma marinta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Ta rungumi akwatin, ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar shugaba.