Barandar Injiniya Ta Yi Shiru

Ga ta nan, ga ta nanku. To, ku ce ta zo mu ji ta mana, ko da yake wannan ba tatsuniya ba ce, a saman kaina aka yi ta.

Na hau bene da kwanon romo a hannu, na tarar uba da 'ya suna musu. Injiniya, maƙwabcinmu na sama, ya daɗe a kwance, ƙafafu sun ƙi. Autarsa, wadda ta gaje shi a aikin, ta baro garin da take ta zo jinya. Tana zaune bakin gado da kwamfuta a cinya.

"Baba, duba mana. Ga barandarka nan na gina a ciki, daga zanenka na ɗauko ta. Na sa mata zafin rana har ya wuce na gaske. Shuɗi ne ko'ina, shuɗi kuwa lafiya ke nan."

"Za ta fasa bango," in ji shi.

"Iya, don Allah ki sa baki."

Ni me na sani? Na leƙa na ga wata aba kamar tsani tana juyawa a gilashin kwamfutar. Na ce, "Ai kuwa ta yi kyau." Injiniya ya harare ni.

Bari in gaya muku barandar. Ta ƙarfe ce, doguwa, shi ya zana ta tun yana da baƙin gashi. Ƙarshenta ya zauna ne a kan bangon ɗakina, inda jikokina ke kwana. Shekara da shekaru, in rana ta take sai ka ji ta ce ƙas, da yamma ta sake. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Miƙa take yi, maƙwabciya, kamar ke in kin tashi barci." Na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Ranar nan ya ce a ba shi fensir. Ya juya kwalin magani ya hau rubutu, lambobi na hawa kan juna kamar tururuwa sun ga sukari.

"Tsawo kaza, zafi kaza. Ƙwayar shinkafa guda take ƙarawa," ya ce. "In aka hana ƙarfe wannan ƙwayar, daga bango zai karɓa. Barandar ta yi shiru, Auta. Ta yi shiru."

"Baba, kunnenka ne."

Abin da ya ruɗa mu, likita ya ce ciwon na iya taɓa hankali, kuma da safen nan ya kira Auta da sunan marigayiya uwarta. To wa za ka bi? Mai kwamfuta da idonta biyu, ko mai kwalin magani da bai san ranar da ake ciki ba?

Ya ture romona. "Ba zan ci ba sai an kwashe yaran daga gindin bangon nan."

Na sauko na ja katifar yara zuwa tsakar ɗaki. Na tuna shuɗin nan, na mayar. Na tuna idonsa, na sake ja. Babbar jikata ta ce, "Kaka, tashi za mu yi ko shara kike?" Na ce ta rufe min baki.

Haka muka kwana biyu, katifa na kai da kawowa, shi kuwa ba ya cin komai sai ruwa. Mutumin da ƙananan injiniyoyi ke zuwa da zanensu ya duba musu, yau mu ke ce masa, "To, Baba, an ji," irin yadda ake lallashin yaro. Ya gane kuwa. Sai ya juya fuska bango ya daina yi mana magana.

Na tarar da Auta a kan matakala tana share ido.

"Iya, shi ya riƙe hannuna ya koya min lissafi. Kullum yana cewa kada in yarda da kwamfuta sai fensir ya yi mata shaida. Yau ni ce ke gaya masa ya yi kuskure. Ba na so ya tafi muna haka."

Na rasa abin rarrashi, sai na ce, "Ko ba komai kunnensa ƙalau yake, 'yar nan. Ta yi shirun da gaske, tun da Mai Walda na bakin titi ya gyara ta, kafin ki zo. Allah ya yi masa albarka, dubiya ya zo, ya ce ƙarar za ta hana mara lafiya hutawa."

Ta ɗago. "Ya gyara me?"

"Oho. Gyara dai."

Ban taɓa ganin mai ilimi ta yi gudu haka ba. Ta kwanta rub da ciki a ƙarshen baranda, ta leƙa ƙasa, ta kankare sabon fenti da makulli. Ta dawo ta buɗe kwamfuta, ta taɓa wuri ɗaya tak. Ina kallo, ƙarshen tsanin nan ya koma ja kamar garwashi. Ta ɗauko kwalin magani ta kai shi kusa da ido, ta dubi gilashi, ta dubi kwali.

"Lambarsu ɗaya," ta ce. "Iya, ni na gwada barandar da ke takarda. Shi yana lissafin wadda ke waje."

Ni dai ban gane ba, baranda ɗaya na sani. Amma da muka janye kabad a ɗakina, ga tsaga a bango, siririya kamar zare, daga sama har kusa da inda kan ƙaramin jikana ke kwanciya. 

Aka kira Mai Walda daga bakin titi. Ya zo da gilashinsa a goshi, yana jiran godiya.

"Ranki ya daɗe, rami ne dogo, noti na ta rawa a ciki. Wane mai walda ne zai ga haka ya wuce? Na ɗauka mantawa aka yi, sai na liƙe shi da walda."

Auta ta ce, "Da gangan aka bari. Yanke."

"Wannan aikin? Kin ga kuwa yadda ya kwanta?"

Na ce, "Yanke, ɗan nan, kafin in yanke ka."

Ya yanke yana gunaguni, amma rana ta riga ta yi sanyi, ƙarfen bai ce komai ba. Auta ta durƙusa gaban gado. "Baba, kai ne da gaskiya. An liƙe ta ne, mun sake ta." Idonsa rabi a buɗe. Leɓensa ya motsa. Ni na ji ya ce, "Sai na ji." Auta ta ce ruwa ya nema. Har yau ba mu daidaita ba.

Washegari da safe, rana ba ta kai ga baranda ba, Allah ya karɓi abinsa.

Da tsakar rana gida ya cika da mutane, kowa ya yi tsit, sai muka ji ƙas. Baƙi suka zabura. Auta ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakinsa, kamar za ta kira shi. Mai Walda ya cire gilashin daga goshinsa ya riƙe a hannu.

Auta ta koma aikinta, ta tafi da fensirin. Mai Walda yana nan bakin titi, in ya ga noti na rawa sai ya tambaya tukuna. An shafe tsagar da siminti, yara sun koma gindin bango. Wasu sun kama ɗakin sama, matar kuwa har ta fara ƙorafin ƙarar. Na ce mata miƙa take yi.